Mai sikila a jami'a: akwai sauƙin da zan nema a hukumance ko sai dai roƙon malamai?

yar_aji_biyu

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga irin halin nan ko masu aiki a jami'a. Ni mai sikila ce, SS, ina aji biyu a ɓangaren kimiyya. Zangon da ya wuce ciwo ya tashi min sau biyu, na farko kwana shida nayi a gadon asibiti ana ƙarin ruwa da allurar kashe zafi, na biyun har saida aka min ƙarin jini kuma shine ya faɗo daidai satin da akayi tes ɗin kwas biyu. Da aka sallameni na ɗau takardar asibiti na dinga bin malaman ofis ofis. Ɗaya ya karɓa ya karanta yace Allah ya sauwaƙe, ya sa min rana nazo na rubuta. Ɗayan ko kallon takardar baiyi ba, yace shi kullum sai an kawo masa irinta, ya ɗago ya kalleni yace ai gaki nan garau. Wlh maganar nan har yau tana min ciwo, ni da ƙyar na hau benen ofishinsa ina dafa bango. Maki 30 ya tafi haka nan, yanzu sai na maimaita kwas ɗin.

Ba shi kaɗai bane. Dokar makarantar sai kana da kashi 75 na halartar aji kafin ka zauna jarabawa, ni kuma ko ban kwanta ba akwai ranakun ganin likita. Zauren jarabawa iyakwandishan ake ƙurewa, awa uku kana zaune cikin sanyi kuma ba'a yarda ka shiga da gorar ruwa ba, wanda duk mai sikila ya san sanyi da rashin shan ruwa sune abokan gaba. Ga lakcoci biyu a hawa na uku, likita kuma yace ƙashin ƙuguna na hagu ya fara samun matsala saboda jini baya isa wajen, na rage hawa da sauka.

Tambayata, shin akwai wani haƙƙi da nake dashi a rubuce ko kawai sa'a ce in ka dace da malami mai tausayi? Wa ake samu? Kuma dole ne sai kowane malami ya san ciwona? Mama dai cewa take kar na dinga tallata kaina, ni kuma na gaji.

bawan_Allah_22

Wa alaikumus salam. Allah ya baki lafiya 'yar'uwa. Ni inaga haƙuri zakiyi ki lallaɓa, ki samu wakilin ajinku ya dinga saka miki hannu a takardar halarta in baki zo ba, malaman kuma ki dinga gaishesu kuna sabawa tun kafin abu ya faru. In kika ce zaki kai ƙara sama zasu sa miki ido ne kawai, shekara nawa ta rage ki gama.

mai_karatu_nesa

Ƙanwata sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kar ki bi shawarar sa hannun nan dan Allah, ɗan'uwa na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma ranar da aka kama, ita da yaron duka zasu gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma daga ranar ko takardar asibiti ta gaskiya ta kawo an riga an sa mata alamar tambaya.

Baki faɗi ƙasar da kike ba, kuma doka ta bambanta, toh bari na faɗi wanda na sani da kaina. Ni a Amurka nake digiri na biyu kuma ina da ciwon hanji irin wanda yake tashi ya kwanta, wata biyu ina lafiya sai kuma sati biyu ban iya nisa da banɗaki. A nan dokoki biyu ne, akwai sashe na 504 na dokar 1973 da ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci ga mai nakasa, sai kuma dokar ADA ta 1990, wato dokar kare haƙƙin masu nakasa ta Amurka. Abin da ya shafe mu ni dake shine gyaran da aka yiwa ADA a 2008, inda aka fito ƙarara akace ciwon da yake zuwa ya tafi shima yana cikin lissafi matuƙar yana takura mutum sosai lokacin da ya tashi. Ma'ana wannan "ai gaki nan garau" ba hujja bace, ba'a auna ki da ranar da kika samu sauƙi. A Ingila kuma dokar daidaito ta 2010 ce, su sharaɗinsu ciwon ya kasance mai daɗewa, wata 12 ko fiye, kuma jami'a ya kamata ta tanadi gyara tun kafin ɗalibi ya nema, har akwai tallafin da ake kira DSA na kayan aiki da mai taimakawa. In a Najeriya kike akwai dokar hana nuna bambanci ga masu nakasa ta 2018 da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar ƙasa da aka kafa a 2020 don bin kadinta. Sama da duka akwai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, sashe na 24 ya ambaci ilimin gaba da sakandare da sunansa, yace a yi wa mutum sauƙin da ya dace, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun amince da ita. Eh na sani, rubutu daban aiki daban, amma in kina da abin da zaki nuna da yatsa magana tana canja salo.

Yanzu yadda abin ke tafiya a aikace. Ba malami ake fara samu ba, nan ne kuskuren da nima nayi shekarar farko. Akwai ofishin da ke kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, in makarantarku bata dashi da wannan sunan toh ofishin harkokin ɗalibai da asibitin makaranta su ke riƙe da aikin. Ki kai musu takardar likita, a zauna dake a tattauna, sai su rubuta wasiƙa ɗaya da zata tafi wa malamanki duk zango. Tawa wasiƙar ko sunan ciwon babu a ciki, cewa kawai akayi wannan ɗalibar an amince mata da kaza da kaza. Malami bashi da hurumin tambayata me ke damuna, in naga dama na faɗa in ban ga dama ba shikenan. Kinga hankalin Mama ma sai ya kwanta, ba talla bane, mutum biyu ko uku ne a ofis suka sani.

Abu biyu da ba wanda ya gaya min saida na ƙone. Na ɗaya ba wanda zai zo nemanki, a jami'a ke zaki kai kanki. Na biyu, sauƙin baya komawa baya, daga ranar da wasiƙa ta fita yake fara aiki, wanda ya wuce sai dai ki bi ta hanyar ɗaukaka ƙara in akwai. Shi yasa ake yi tun satin farko ana lafiya, ba daga gadon asibiti ba.

keke_da_littafi

Ina goyon bayan Anti mai_karatu_nesa a duk abin da ta faɗa, sai dai ni zan ƙara ta ɓangaren gini tunda kin ambaci hawa na uku. Ni a keken guragu nake tun bayan hatsarin mota, na gama digiri shekara biyu da suka wuce.

Kar ki tsaya neman a saka lifta ko a gyara bene, wannan sai kin gama kin fita ba'a fitar da kuɗin ba. Ki nemi a sauko da ajin ƙasa. Abu ne da jami'in jadawali zai yi da biro cikin minti biyar, ya musanya ɗakinku da na wani ajin da ke ƙasa, ba ko sisi. Ni zango na farko abokai huɗu ke ɗaukata da keken su hau dani, biyu gaba biyu baya, ina riƙe da jakata a ƙirji ina kallon silin ina addu'ar kar ƙafar wani ta zame, kowa na cewa kai masha Allah zumunci, ni kuma raina a ɓace yake dan ranar da biyu basu zo ba a ƙasan bene na zauna ina jin muryar malami ta taga. Da na rubuta takarda aka sauko da ajin sai naji kamar an sauke min dutse. Kuma fa sai an bibiya kowane zango, dan sabon jadawali na fitowa an manta dakai.

Wani abin ban haushi shine gangaren hawan keke da ake yi dan a ce anyi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce 1 bisa 12, wato matakala mai tsayin santimita 15 tana buƙatar gangare mai tsawon santimita 180. Na ga wanda aka zuba siminti kan matakala uku tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, wannan ai ba hanya bace, filin sulu ne. Ƙofa ma in faɗinta bai kai wajen santimita 81 ba keke yana wahalar shiga, sai ka tarar banɗaki da tambarin keke a jiki amma ƙofar ta ƙi ka.

Ke dai naki ba keke bane amma ki haɗa da ɗakin kwana a ƙasa kusa da banɗaki, da tazara tsakanin lakcocin da ke gine-gine masu nisa da juna in zai yiwu.

Bawan Allah da kace za'a sa mata ido, na fahimceka, nima naji wannan tsoron. Amma ka duba tarihin Ed Roberts, mutumin da shan inna ta shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa, ya shiga jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a 1962, ba ɗakin kwanan da zai ɗauki injin numfashinsa na ƙarfe sai a asibitin makarantar aka ajiye shi. Shi da waɗanda suka biyo bayansa ne suka matsa har aka buɗe shirin ɗalibai masu nakasa a 1970. Shi kansa sashe na 504 da Anti ta ambata shekara huɗu yayi ba'a fitar da ƙa'idojin aiki dashi ba, saida masu nakasa irinsu Judy Heumann suka mamaye ginin gwamnati a San Faransisko a 1977 suka kwana sama da sati uku a ciki. Da lallaɓawa sukayi da har yanzu ana lallaɓawa.

malamin_lab

Ni malami ne, shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, bari na faɗi yadda abin yake daga wannan gefen tebur ɗin ko da ba zai yiwa wasu daɗi ba.

Abin da abokin aikinmu ya faɗa miki bai kyauta ba, bana kare shi. Amma gaskiya ne takardun asibiti na bogi suna zuwa mana, satin tes musamman, kuma mu ba likitoci bane, bani da hanyar gane ta gaske da ta ƙarya. Shi yasa ni kaina nafi son wasiƙa daga ofis, ta cire ni daga zama alƙali kan abin da ban karanta ba, kuma in wani ɗalibin yazo yace me yasa ita aka sake mata tes ni aka hana, ina da amsa.

Sai dai ki san iyakar abin tun yanzu dan kar ki ji kamar an yaudare ki. Ana canja yadda za'a gwada ki, ba'a canja abin da za'a gwada. Ƙarin lokaci, ɗaki daban, sake ranar tes, ɗaga ranar miƙa aiki, duk wannan mai sauƙi ne. Lakca in kin rasa zaki karanta ki cimma. Amma aikin lab in kwas ɗin yace sai kin iya riƙe bututu kin auna da hannunki, ba wasiƙar da zata ce a yafe miki, sai dai a sa miki wata rana ko ki shiga rukunin wani ajin, a baki kujera mai tsayi ki zauna maimakon tsayuwar awa uku. Ko a Amurkan da ake misali da ita kotun ƙolinsu ta yanke tun 1979, a shari'ar wata kwaleji kan shirinta na koyon aikin jinya, cewa ba dole makaranta ta sauya ginshiƙin karatu ba. Toh ki raba buƙatunki gida biyu, na aji da na lab, kar ki haɗa su a jimla ɗaya a ƙi duka.

Kuma dan Allah in ciwo ya tashi a samu wani ya turo saƙon imel ranar ko washegari, layi biyu ya isa, an kwantar da ita, takarda na tafe. Ɗalibin da ya ɓace sati uku ya dawo bayan na miƙa maki, ko ina so hannuna a ɗaure yake, sai an koma kwamiti.

Shawara ta ƙarshe da ɗalibai basa son ji, rage yawan kwasa-kwasai a zango. Kowa na son fita tare da 'yan ajinsu, na sani. Amma na ga waɗanda suka ɗauki kaya cikakke suka faɗi uku, da sun ɗauki kaɗan sun ci duka da sakamakon ya fi kyau kuma lokacin fitar kusan ɗaya ne. Ki dai tambaya ko ragewar zata taɓa tallafin karatu in kina dashi, wasu masu bada tallafin suna da mafi ƙarancin abin da za'a ɗauka.

nas_ta_dare

Sannu ƙanwata. Ni ɓangaren masu cutar jini nake aiki, takardar likitan nan nake so nayi magana a kai dan a nan ake yawan faɗuwa. Takardar sallama daban, takardar neman sauƙi daban. In likita ya rubuta "tana da sikila" ya buga hatimi, mutumin ofis bai san me zai yi da ita ba. Ki roƙi likitan da ke ganinki kullum, ba na gaggawa ba, ya rubuta cewa ciwon na tsawon rai ne, yana tashi ba sanarwa, in ya tashi yakan ɗauki kwanaki, sannan ya lissafa abin da ke tayar dashi, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai yawa, zazzaɓi ko wata cuta da ta shiga jiki. Sai ya ɗaura kowanne da abin da ake so. Sanyi, a zaunar da ita nesa da iyakwandishan ko a ɗaki daban kuma a barta da rigar sanyi. Ruwa, a barta ta shiga da gora. Kuma wanda mutane ke mantawa, ƙodar mai sikila bata iya tattara fitsari kamar ta sauran mutane, ga shan ruwa da yawa, dole fita banɗaki ya yawaita, toh a rubuta cewa in ta fita a tsayar mata da agogo.

Wannan tsayar da agogon inaga ya fi miki amfani akan ƙarin lokaci zalla. Ƙarin lokaci yawanci kashi 25 ne ko 50, jarabawar awa uku ta koma kusan awa huɗu ko huɗu da rabi, ke kuma doguwar zama a kujerar katako da wannan ƙugun ba gata bane. Hutu kike buƙata ki miƙe ki taka ki dawo.

Gajiyar ma a saka ta. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna kai kwana 120, na mai sikila kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa, kullum jiki cikin ƙarancin jini yake ko ba ciwo, shi yasa jarabawa biyu a rana ɗaya take kayar daku. Ki nemi kar a haɗa miki biyu a rana. Ranakun asibiti kuma tunda an san su tun da wuri, musamman in kina shan maganin sikila na hydroxyurea ana duba jininki akai akai, ki miƙa jerinsu farkon zango a cire su daga lissafin kashi 75 ɗin.

Ki yi hoton komai kafin ki miƙa, kuma ki sa su buga miki hatimin karɓa a kwafinki da kwanan wata. Fayil yana da ƙafa.

yar_aji_biyu

Na gode sosai wlh, Allah ya saka da alheri, na karanta wa Mama amsar Anti da ta Sista tace toh in dai ba za'a rubuta sunan ciwon a wasiƙar malamai ba ta yarda. Jiya naje ofishin harkokin ɗalibai, ashe akwai fom ɗin ma, matar saida ta buɗe durowa biyu kafin ta samo shi, tace rabon da wani ya nema tun bara. Alhamis zan ga likitana da jerin da Sista ta bayar, na kwafe shi a bayan littafina.

Malam na gode da gaskiyar da ka faɗa, maganar rage kwas ɗin ta min ɗaci amma zan zauna da mai bani shawara na sashe mu duba. Tambaya ɗaya ta rage, wancan maki 30 ɗin da ya wuce, tunda akwai takardar sallama mai kwanan wata daidai da ranar tes ɗin, in rubuta wa shugaban sashe ne ko in haƙura in maimaita?

malamin_lab

Ki rubuta, amma ki fara duba littafin dokokin ɗalibai dan irin wannan ƙorafin yana da wa'adi kuma gajere ne a yawancin makarantu, wani wajen daga ranar da sakamako ya fito ake fara ƙirga. Shafi ɗaya, ranar da aka kwantar dake, ranar tes, ranar sallama, ranar da kika je ofishinsa, sai abin da kike nema wato a baki damar rubuta tes ɗin. Kar ki saka maganar garau ɗin a ciki ko kaɗan, in kin saka zancen zai koma kansa ne maimakon makinki. Ki haɗa da kwafin takardar asibiti, asalin ki riƙe a hannunki, kuma ki ambaci cewa ɗaya malamin ya sake miki nasa tes ɗin da wannan takardar dai.